Haɗin Daka: Yadda Ake Ƙara Wa Jan Ƙarfe Tauri Ba Tare Da An Narka Shi Ba

Darasin da na kawo a wannan fitowa daga ɓangarenmu yake, wato ilimin sarrafa ƙarafa, amma na yi ƙoƙarin rubuta shi yadda ɗan lantarki da ɗan kanikanci, kai har ma ɗan akanta, za su bi su gane. Maganar ita ce abin da muke kira mekanikal aloyin a aji. A nan zan riƙa ce masa haɗin daka, domin abin da ake yi ke nan: a zuba garin ƙarafa a tukunyar ƙarfe tare da ƙwallaye masu tauri, a yi ta dakansu har su zama abu guda, ba a narka komai ba. Zan tsaya a kan jan ƙarfe, wanda ake yin jar waya da shi, saboda a kansa wannan dabara ta fi nuna amfaninta, kuma a kansa ta fi saurin ɓata aiki idan ba a kula ba.

Matsalar jan ƙarfe

In ka cire azurfa, babu ƙarfen da ya kai jan ƙarfe ɗaukar lantarki. Shi ne ma mudun da ake auna sauran da shi. A shekarar 1913 aka amince da ma'aunin da ake kira IACS, inda aka ba tsantsar jan ƙarfe mai taushi maki 100. A wannan ma'auni alminiyum yana da kusan 61. Wajen ɗaukar zafi ma haka abin yake, ya ninka baƙin ƙarfen da muka saba da shi kusan sau 8.

Aibinsa ɗaya ne, taushi. Za ka iya ƙara masa tauri da bugu ko da ja, kamar yadda ake yi wa waya, sai dai wannan tauri na aro ne. Da zarar zafi ya kai digiri 200 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyas, sai ya fara sakin jiki ya koma yadda yake. To, kuma wuraren da aka fi bukatarsa su ne wuraren da wuta da zafi da matsi suke haɗuwa. Ɗauki bakin injin waldar ɗigo da ake haɗa bodin mota da shi. Wannan ɗan ƙarfe yana danna faranti biyu da ƙarfi, dubban amfiya na wuta suna ratsa shi, kuma mota ɗaya tana da ɗigon walda dubbai. Idan tsantsar jan ƙarfe ne, kafin a je ko'ina bakin ya baje kamar naman kaza, walda ta daina kamawa.

Hanyar da kowa zai fara tunani ita ce a narka shi a zuba masa wani ƙarfe, kamar yadda maƙeran fari suke yi tun kaka da kakanni. Tauri kam ana samu. Amma duba farashin. Tagullar da ke da kashi 30 cikin 100 na zinki tana da maki 28 kacal a ma'aunin IACS. Wadda aka sa wa kashi 5 na kuza tana da kusan 15. Ko ɗan fosforas da bai kai kashi 0.05 ba, irin wanda ke cikin bututun jan ƙarfe na ruwa da na firiji, yana saukar da makin zuwa wajen 85.

Dalili shi ne, atom ɗin jan ƙarfe a jere suke sahu-sahu, ilektoron kuma suna bi ta cikinsu kamar motoci a kan titi mai kyau. Duk baƙon atom da ya narke ya shiga sahu, tamkar rami ne a tsakiyar titin. Idan ramukan suna ko'ina, babu motar da za ta yi gudu. Saboda haka sai masana suka ce a nemo abin da ba ya narkewa a cikin jan ƙarfe sam, a warwatsa shi ƙanana-ƙanana a ciki. Shi zai tsaya a matsayin tsakuwa mai tauri, sauran titin kuma ya kasance a share. Irin wannan haɗi shi ake kira kwamfosit, kuma abubuwan da aka fi sawa su ne alumina, da girafait irin na bakin fensir, da tungistin, da kuromiyam, da silikon kabaid.

Me ya hana a narka?

Lambobi ne suka hana. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1085. Alumina sai an wuce 2000. Nauyin jan ƙarfe giram 8.96 ne a kowane santimita kubik, na alumina 3.95, na girafait wajen 2.2. Zuba su a ruwan jan ƙarfe, sai su taso sama kamar dusa a kan ruwa, su dunƙule wuri ɗaya, ruwan ƙarfen ma ba ya jiƙa su. Tungistin kuma nasa ya fi ban mamaki. Yana narkewa a digiri 3422, alhali jan ƙarfe yana tafasa ya zama tururi a wajen 2560. Kafin tungistin ya narke, abokin haɗin nasa ya riga ya bi iska.

Wannan ya sa aka koma ga ilimin sarrafa garin ƙarfe. Matakansa uku ne: a gauraya gari, a danna shi a cikin mazubi da ƙarfi har ya ɗauki siffa, sannan a gasa shi a tanderu a zafin da bai kai na narkewa ba, har ƙwayoyin su manne da juna. Ba sabon abu ba ne. Da shi William Coolidge na kamfanin General Electric a Amurka ya samar da wayar tungistin ta ƙwan lantarki wajen 1910. Bushin da ke cikin fankar tebur ma haka ake yinsa, daga garin jan ƙarfe da kuza, a bar masa ƙananan ƙofofi da za su riƙe mai.

Sai dai gaurayawa kawai ba ta isa ba. Idan ka juya garin jan ƙarfe da na alumina da cokali ko a cikin kwalba, aluminar tana zama ne a bayan ƙwayoyin jan ƙarfe, ba a cikinsu ba. Bayan gashi sai ka same ta tare a iyakokin ƙwayoyi, ta hana su mannewa, abin ya yi rauni maimakon ƙarfi. Ana so ta shiga can cikin kowace ƙwaya. A nan haɗin daka ya shigo.

Inda abin ya samo asali

John Benjamin ne ya fito da wannan dabara tare da abokan aikinsa a ɗakin binciken kamfanin INCO a Amurka, wajen shekarar 1966, kuma ya wallafa ta a 1970. Shi ba jan ƙarfe ne damuwarsa ba. Yana neman haɗin nikel ne da zai jure zafin cikin injin jirgin sama, yana so ya cusa masa ƙananan ƙwayoyin oksaid masu tauri, narkarwa kuma ta ƙi ba shi abin da yake so. Injin niƙa mai ƙwallaye ya daɗe ana amfani da shi wajen mai da dutse gari. Abin da Benjamin ya gano shi ne, idan garin na ƙarfe mai taushi ne kuma bugun ya yi ƙarfi, to ba farfashewa kawai yake yi ba, yana kuma mannewa. Daga baya aka ɗauki dabarar aka kai ta kan baƙin ƙarfe da alminiyum da jan ƙarfe.

Abin da ke faruwa a cikin tukunya

Duk lokacin da ƙwallo biyu suka yi karo, ɗan garin da bai kai miligiram ɗaya ba yana maƙalewa a tsakaninsu ya sha bugu. Wannan yana faruwa ba adadi a kowane minti. Wanda ya taɓa ganin ana kirɓa dakuwa zai gane abin da sauri: akwai abu mai danƙo, akwai mai garas-garas, taɓarya kuma tana ta cusa wannan cikin wancan har ba ka iya ware su.

Da farko ƙwayoyin jan ƙarfe suna bajewa su zama falle-falle kamar ɓawon kifi, alumina kuma tana farfashewa. Bajewar tana fasa tsatsar da ke bayan ƙwaya, sabon ƙarfe mai tsabta ya fito fili. Idan irin waɗannan fuskoki biyu suka haɗu a ƙarƙashin bugu sai su manne, abin da ake kira waldar sanyi. Gutsattsarin alumina da ke tsakani ya shiga tarko ke nan. A wannan mataki ƙwayoyin girma suke yi, ba raguwa ba. Wannan yana ba ɗalibai da yawa mamaki idan suka tankaɗe gari bayan awa ɗaya ko biyu suka ga ya fi na farko kauri. Ba injin ne ya lalace ba, haka ake so.

Bugun da ya ci gaba yana sa jan ƙarfen tauri, kamar wayar da kake ta lanƙwasawa har ta karye. Sai manyan ƙwayoyin su fara tsagewa. Gutsattsarin su sake mannewa, su sake fashewa. Kowane zagaye yana ƙara sirantar da fallayen, yana ƙara warwatsa aluminar. A ƙarshe ana kai wa matakin da mannewa da fashewa suke yin kunnen doki: girman ƙwayoyi ya tsaya, taurinsu ya tsaya, kuma kowace ƙwaya da ka ɗauka tana ɗauke da haɗin daidai da yadda ka auna tun farko. A cikinta kuma sassan kiristal sun ragu zuwa 'yan gomman nanomita. Don a gane ƙanƙantar, nanomita 1000 ne mikuron 1, gashin kan mutum kuma yana da kaurin mikuron 50 zuwa 100.

Ka riƙe wannan mataki na ƙarshe da kyau. Duk dakan da aka yi bayansa ba ya ƙara komai sai datti.

Me ya sa ƙanƙanta take da muhimmanci?

Ƙarfe yana lanƙwasa ne idan wasu layukan aibi da ke cikin sahun atom, waɗanda ake kira dislokeshan, suka samu damar zamewa. Ƙwaya mai tauri tana tare su, sai layin ya lanƙwashe ya matsa ta tsakanin ƙwayoyi biyu. Egon Orowan ne ya bayyana wannan a 1948, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: ƙarin ƙarfin da ake samu ya kai kusan G sau b, a raba da L. G da b sifofin ƙarfen ne, L kuma tazarar da ke tsakanin ƙwayoyi. A jan ƙarfe G wajen gigafaskal 48 ne, b kuma nanomita 0.256.

Gwada da kanka. Idan tazarar mikuron 10 ce, ƙarin bai wuce megafaskal 1.2 ba, wato kamar ba a yi komai ba. Idan tazarar ta sauko zuwa nanomita 100, ƙarin ya kai kusan megafaskal 120. Adadin alumina ɗaya ne fa, bambancin kawai yadda aka warwatsa ta. Shi ya sa ƙara yawan alumina ba shi ne dabara ba. Kaɗan da ta watsu da kyau ta fi mai yawa da ta dunƙule.

Akwai riba ta biyu. Ƙananan sassan kiristal su ma suna ƙara ƙarfi, kamar yadda Hall da Petch suka nuna a 1951 da 1953. A tsantsar jan ƙarfe zafi yana sa waɗannan sassa su girma, ƙarfin ya tafi. Amma ƙwayoyin alumina suna kafe iyakokinsu kamar turaku, kuma su zafi ba ya narkar da su ko ya sa su girma da sauƙi. Wannan ne sirrin da ya sa irin wannan haɗi yake riƙe taurinsa har a digiri 800, inda tsantsar jan ƙarfe ya daɗe da sakin jiki.

Ɗan lissafin da ke fitowa a jarrabawa

A ce za ka haɗa giram 100, kashi 95 jan ƙarfe, kashi 5 alumina, bisa nauyi. Girman jan ƙarfen shi ne 95 a raba da 8.96, wato santimita kubik 10.60. Na alumina 5 a raba da 3.95, wato 1.27. Jimla 11.87. Ke nan alumina ta cinye kashi 10.7 cikin 100 na girma, ninki biyu na abin da nauyi ya nuna. Kullum ka rubuta ko kason naka na nauyi ne ko na girma, domin nan ne maki yake zubewa. Nauyin da haɗin zai yi idan babu ƙofa ko ɗaya shi ne 100 a raba da 11.87, wato 8.43.

Lantarki fa? Akwai ƙa'idar Maxwell ta ƙwayoyin da ba sa ɗaukar wuta: ka cire f daga 1, ka raba da 1 da aka ƙara wa rabin f, inda f yake kason girma. Da f na 0.107 amsar ita ce kusan 0.85. Wato a ƙa'ida za ka iya samun maki 85 a ma'aunin IACS. Kwatanta da tagulla mai maki 28, ka ga dalilin duk wannan wahala. Amma 85 ɗin rufi ne. Abin da za ka samu a zahiri ya dogara da tsabtar aikinka.

Abubuwan da kake iya juyawa

Na farko irin injin. Akwai mai girgiza, irin na SPEX, wanda ke ɗaukar giram 10 zuwa 20 kuma bugunsa ya fi zafi. Akwai mai kewaye, inda tukwane suke juyawa a kan faifan da shi ma yake juyawa, shi ne aka fi samu a ɗakunan gwaji. Akwai atiraita, mai sanda da hannuwa da ke motsa ƙwallaye a cikin tukunyar da ke tsaye, yana ɗaukar kilo da dama. Sai ganga mai birgima, irin wadda 'yan kanikanci suke ƙerawa a furojet. Ita ganga tana da gudun da idan ta kai, ƙwallayen sai su manne da bango su daina faɗowa. Ana samunsa da raba 42.3 da tushen murabba'in faɗin gangar a mita. Gangar da faɗinta mita 0.2 ne, gudun ya kama kusan zagaye 95 a minti, sai a yi aiki a wajen 70. Amma a faɗi gaskiya, ƙaramar ganga bugunta ba shi da ƙarfi. Abin da mai girgiza zai gama cikin awa ɗaya yana iya ɗaukarta kwanaki.

Na biyu nauyin ƙwallaye a kan na gari. An fi amfani da 10 bisa 1. Idan garinka giram 20 ne, kana bukatar ƙwallaye giram 200. Ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 10 yana da nauyin kusan giram 4, ke nan wajen guda 50. Kada ka cika tukunya, a bar kusan rabinta fanko don ƙwallaye su samu filin gudu.

Na uku maganin mannewa. Jan ƙarfe yana da son walda, idan ka bar shi haka nan za ka buɗe tukunya ka tarar ya lulluɓe ƙwallaye da bango, garin da za ka kwasa kaɗan ne. Saboda haka ake sa ɗan asid na sitiyarik, wani abu mai kama da kakin kyandir, ko 'yan ɗigon etanol. Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ya isa, wato giram 0.2 zuwa 0.4 a garin giram 20. Idan haɗin naka na girafait ne, shi kansa yana da santsi, yana rage mannewar.

Na huɗu iska. Ana cika tukunya da iskar agon, irin wadda masu waldar alminiyum suke amfani da ita, a rufe ruf. Na biyar hutu: a yi daka na minti 15 zuwa 30, a tsaya tukunya ta huce, a ci gaba.

Inda aikin yake ɓaci

Wannan shi ne ainihin abin da nake so a ɗauka daga darasin. Injin da ke gyara garin shi ne kuma ke ɓata shi. Alumina da silikon kabaid sun fi ƙwallon ƙarfe tauri, da su ake yin dutsen wasa da sanfefa. Saboda haka duk bugu yana kankaro ɗan baƙin ƙarfe daga ƙwallaye da bango ya shiga cikin gari. Idan aka zo gashi, wannan baƙin ƙarfe yana narkewa a cikin sahun jan ƙarfe. Ramukan da muka gudu tun farko sun dawo kan titi ta bayan gida. Ko kashi 0.1 cikin 100 ya isa a ga faɗuwar lantarki ƙarara. Abin haushin shi ne, na'urar auna tauri ba za ta gaya maka ba, ita ma murna za ta yi, don taurin ƙaruwa yake.

Ana rage wannan da amfani da tukunya da ƙwallaye na zakoniya ko na tungistin kabaid, duk da su ma suna ɗan zubarwa kuma suna da tsada. Hanya mai arha ita ce a fara daka wani gari na sadaukarwa don jan ƙarfe ya lulluɓe ƙwallaye, a zubar da shi, sannan a sa na gaske. Akwai gwaji mai sauƙi kuma: ka auna nauyin ƙwallayenka a tsabtace kafin a fara da bayan an gama an wanke su. Abin da suka rasa yana cikin garinka.

Iskar oksijin ita ce ta biyu. Sabuwar fuskar jan ƙarfe tana kama ta nan take, garin ya yi duhu. Idan aka gasa irin wannan gari a cikin iskar haidurojin bayan ƙofofinsa sun toshe, oksaid ɗin yana haɗuwa da ita ya zama tururin ruwa, ba shi da mafita, sai ya kumbura abin ko ya tsaga shi.

Na uku, garin da ya sha daka yana da tauri, ba ya dannuwa da kyau. Sai a samu ƙofofi a ciki. Ƙofa kuma ba ta ɗaukar wuta. Da ƙa'idar Maxwell ɗin nan, ƙofofi kashi 10 suna cinye kusan kashi 14 na lantarki. Maganin mannewa ma idan bai ƙone ya fita ba, yana barin gawayi da iska a ciki.

Bayan daka

Yawanci ana fara ɗumama garin a wajen digiri 400 zuwa 500 cikin iskar da ba ta da oksijin, don ya ɗan yi taushi kuma maganin mannewa ya fita. Sannan a danna shi a mazubi da matsin megafaskal 300 zuwa 600, a gasa a tsakanin digiri 800 da 1000. Masana'antu suna ƙarawa da dannawa da zafi, ko tura shi ta ƙaramar ƙofa yana da zafi ya fito sanda, don toshe sauran ƙofofi. A nan ma akwai ciniki: gashi mai zafi da tsawo yana toshe ƙofofi, amma yana ba sassan kiristal damar girma.

Ina ake amfani da shi?

Haɗin jan ƙarfe da girafait shi ne burushin da ke cikin kik-sitata na mota da sauran injunan da ke jan wuta mai yawa: jan ƙarfe ya ɗauki wuta, girafait ya ba da santsi. Haɗinsa da kuromiyam shi ne bakin makunnin da ke yanke wuta a cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska, irin na tashoshin rarraba wuta masu kilobolt 11 da 33. Haɗinsa da tungistin yana shiga wuraren da tartsatsin wuta yake cin ƙarfe, da kuma faranti masu kwashe zafi daga na'urorin lantarki. Haɗinsa da alumina shi ne bakin waldar ɗigo da muka fara da shi.

Ba dukkan waɗannan ake yi da haɗin daka ba. Sanannen haɗin alumina na kasuwa, Glidcop, ana yinsa ne ta hanyar sa oksijin ya shiga garin jan ƙarfe mai ɗan alminiyum ya mai da alminiyum ɗin alumina daga ciki. Nau'insa mai alumina kashi 0.3 yana da maki wajen 92, mai kashi 1.1 kuma wajen 78. Ka lura da ƙanƙantar kason. Fifikon haɗin daka shi ne ba ya zaɓe, kusan duk abin da ka ga dama za ka iya cusawa, ko da ba ya jituwa da jan ƙarfe. Rauninsa kuma datti da cin lokaci da cin wuta.

Ga masu shirin furojet

Shawarata ita ce kada ka zaɓi lokaci ɗaya na daka ka tsaya a kai. Ka ɗebi samfur a awa 1, 2, 5, 10 da 20, ka yi wa kowanne gwaji iri ɗaya. Ka haɗa da tsantsar jan ƙarfe da ya bi duk matakan, da kuma haɗin da aka gauraya kawai ba a daka ba, don ka san me dakan ya ƙara. Ka rubuta ainihin mintunan da injin ya yi yana juyawa, ba lokacin da ka shiga da wanda ka fita ba, don kowa ya san halin wutarmu.

Kowane samfur a auna masa abu uku: nauyi ta hanyar Arkimidis, tauri, da ɗaukar lantarki. Na ukun nan shi aka fi tsallakewa, kuma shi ne dalilin zaɓar jan ƙarfe tun farko. Mitar hannu ba za ta yi ba. Sandar jan ƙarfe mai tsawon milimita 50 da kaurin 5 sau 5 tana da turjiyar kusan mikuro-om 34, wayoyin mitar kansu sun ninka haka sau dubbai. Sai dai a bi hanyar waya huɗu: biyu su tura wuta, a ce amfiya 10, biyu kuma su auna faɗuwar boltej, wadda za ta kama wajen milibolt 0.34. A nan ne za ka nemi abokinka na sashen lantarki. Idan ka samu damar kai samfur gwajin eksire, faɗaɗar tsaunukan zanen tana nuna sassan kiristal sun ƙanƙance, gocewarsu daga inda suke kuma alama ce wani abu ya narke a cikin sahu.

Idan ka zana tauri da lantarki a kan takarda ɗaya, za ka ga tauri ya hau ya kwanta, lantarki kuma yana ta gangarowa. Amsar furojet ɗinka tana wurin da taurin ya fara kwanciya, ba a samfurin da ya fi kowanne tauri ba. Haɗin da ya yi tauri amma lantarkinsa ya faɗo zuwa 30, ai gara a sayi tagulla a kasuwa, ta fi arha.

Sai kuma lafiya. Kada a buɗe tukunya tana da zafi, a bari ta huce, a sassauta murfin a hankali don iska tana taruwa a ciki. Garin da ya sha daka yana iya kamawa da wuta da kansa idan ya haɗu da iska, musamman in akwai alminiyum ko taitaniyam a haɗin. A sa takunkumi da safar hannu, kuma kada wanda ya taɓa tanderun haidurojin sai da mai kula da ɗakin gwaji a tsaye.

Wanda yake so mu bi lissafin nan tare kafin jarrabawa, ya same ni a sashe bayan lacca, ya zo da kalkuleta. Allah Ya ba mu sa'a, Ya sa mu gama lafiya.